Mu'ujiza da Asiri: Abin da Kirista Yake Nufi da Kalmomin Nan Biyu

Bahaushe kan ce ɗan Adam ajizi ne, tara yake bai cika goma ba. Amma ba kowa ya lura ba cewa "ajizi" da "mu'ujiza" 'yan ɗaki ɗaya ne. Dukansu daga tushen Larabci guda suka fito, wanda ke nufin gazawa. Ajizi shi ne wanda ya gaza, mu'ujiza kuwa ita ce abin da ke gagarar mutum har ya ɗaga hannu ya ce wannan kam ya fi ƙarfina. Kalmar ta shigo Hausa ne ta bakin malaman Musulunci, waɗanda suka keɓe ta ga annabawa, suka bar wa waliyyai "karama". Da Kiristoci masu jin Hausa suka tashi bayyana bangaskiyarsu, sai suka ɗauke ta tare da abokiyar tafiyarta, "al'ajabi". Haka kuma suka ɗauki "asiri", wadda ta fi sauran jawo rashin fahimta, domin tana ɗauke da kaya iri-iri a bakin mutane. Za mu je kanta. Bari mu fara da ta farkon.

An rubuta Sabon Alkawari da harshen Girkanci, kuma marubutansa ba kalma ɗaya suka yi amfani da ita ba wajen abin da muke kira mu'ujiza. Akwai "dunamis", wato iko ko aikin iko. Akwai "teras", abin da ke sa mutum ya saki baki don mamaki. Sai "semeyon", wato alama. A wa'azin da manzo Bitrus ya yi a Urushalima ranar idin Fentikos, cikin sura ta 2 ta Ayyukan Manzanni, ya jero su duka uku a numfashi ɗaya lokacin da yake ba da shaida kan Yesu. Abin lura shi ne, ita "teras" ba ta taɓa fitowa ita kaɗai a Sabon Alkawari ba, kullum a haɗe take da "alama". Kamar dai marubutan suna tsoron kada mutum ya tsaya a mamakin, ya manta abin da ake nuna masa. Ni a ganina nan ne zuciyar maganar take. Ga Kirista, mu'ujiza alama ce. Matafiyin da ya ga allon da aka rubuta sunan gari a bakin hanya, ya shimfiɗa tabarma a gindinsa ya ce ya iso, kowa ya san da sauran tafiya a gabansa.

Bisharar Yahaya ta fi kowace riƙe wannan kalma. Ta kira abin da ya faru a bikin aure na Kana ta Galili alama ta fari. Ruwan inabi ya ƙare ana tsakiyar biki, abin kunya ga ango. Akwai randunan dutse guda shida da aka ajiye don tsarki, kowace na cin kusan lita 100. Yesu ya ce wa barori su cika su da ruwa, suka cika fal, ya ce su ɗiba su kai wa uban biki. Shi kuwa da ya kurɓa, sai ya kira ango yana yi masa tsiya, wai kowa mai kyau yake fara kawowa, in mutane sun sha sun yi nauyi ya fito da na baya, amma kai ka ɓoye mai kyaun sai yanzu. Uban biki bai san inda abin ya fito ba, ango ma da alama bai sani ba. Barorin da suka ɗebo ruwan ne kawai suka sani, sai almajirai. Babu shela, babu taro, babu wanda aka kira ya zo ya gani. Marubucin ya rufe labarin da cewa ta haka ya bayyana ɗaukakarsa, almajiransa kuma suka ba da gaskiya gare shi.

Agustin, bishop na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya yi wani tsokaci kan wannan labari da har yau ake maimaitawa. Ya ce wanda ya mai da ruwa ruwan inabi a randuna shida, shi ne yake yin haka kowace shekara a gonakin inabi: ruwan sama ya sauka, kurangar ta sha, 'ya'ya su nuna. Bambancin kawai shi ne na gona mun saba da shi, sabo kuwa ya kashe mana mamaki. A wurinsa, mu'ujiza ba ta saɓa wa halitta ba, ta saɓa wa abin da muka sani ne game da halitta.

Mu'ujizar da duka Bisharu huɗu suka kawo, ban da tashin Yesu daga matattu, ita ce ciyar da mutum dubu biyar da gurasa biyar da kifi biyu, har aka tara ragowa kwando goma sha biyu. Abin da ya biyo baya ya fi jan hankalina. Jama'a suka so su naɗa shi sarki da ƙarfin tsiya, ya zame ya hau dutse shi kaɗai. Washegari suka bi shi har Kafarnahum, ya faɗa musu ba kwana-kwana cewa ba don sun gane alamar suke nemansa ba, don sun ci sun ƙoshi ne. Kafin wannan sura ta 6 ta Yahaya ta ƙare, da yawa daga cikin mabiyansa sun juya baya. A wani wurin ma, da Farisiyawa, wata ƙungiyar malaman Yahudawa, suka matsa masa ya nuna musu alama daga sama, sai ya ja dogon numfashi ya ƙi. Sau da yawa in ya warkar da mutum, yakan ce masa kada ya gaya wa kowa. Duk wanda ke tallar mu'ujiza kamar hajar kasuwa, ya kamata ya zauna da waɗannan ayoyi ya yi musu kallon tsanaki.

Littafi Mai Tsarki kuma bai ce duk abin mamaki daga Allah yake ba. Da Haruna ya jefa sandarsa gaban Fir'auna ta zama maciji, bokayen Masar ma suka jefa nasu suka zama macizai, sai dai ta Haruna ta haɗiye su. A Samariya akwai wani Siman mai sihiri wanda ya ga abin da ke faruwa ta hannun manzanni, ya fito da kuɗi ya ce a sayar masa da ikon. Bitrus ya ce masa ya hallaka tare da kuɗinsa. Daga sunan mutumin nan ne harsunan Turai suka samo kalmar da suke kiran cinikin muƙaman ikilisiya da ita. Yesu da kansa, a sura ta 7 ta Matiyu, ya ce a ranar ƙarshe da yawa za su ce sun yi ayyukan al'ajabi da sunansa, shi kuwa ya ce bai taɓa saninsu ba. Don haka malaman Kirista suke raba mu'ujiza da sihiri a kan abu ɗaya: mai sihiri yana ƙoƙarin juya iko ne ya yi masa aiki, da laƙani ko da kuɗi, ita kuwa mu'ujiza kyauta ce da Allah ke yi lokacin da ya ga dama. Roƙonta ake yi, ba a tilasta ta.

A cikin mu'ujizai duka akwai ɗaya da ba a ajiye ta a layi ɗaya da sauran. Musulmi da Kirista sun yarda Yesu, wato Annabi Isa a bakin Musulmi, ya warkar da makaho da kuturu, ya kuma ta da matattu. Inda hanya ta rabu shi ne gicciye da tashi a rana ta uku, wanda Musulunci bai karɓa ba, alhali a wurin Kirista shi ne ginshiƙin ɗakin. Manzo Bulus ya rubuta wa Korantiyawa, shekara ashirin da 'yan kai bayan abin, cewa in ba a ta da Almasihu ba, to wa'azinsu banza ne, bangaskiyarsu ma banza ce. Bai bar wa kansa ƙofar baya ba. Ya lissafa waɗanda ya ce sun gan shi da rai, har da mutum fiye da 500 a lokaci ɗaya, ya ƙara da cewa yawancinsu suna nan da rai.

Masu shakka ba su taɓa ƙarewa ba, kuma ba wawaye ba ne. A 1748 masanin falsafa ɗan Sukotlan, David Hume, ya kawo hujjar da har gobe ake tafka muhawara a kanta. Ya ce dokokin halitta sun tsaya a kan abin da mutane suka gani sau ba adadi, shaidar mu'ujiza kuwa ta tsaya a kan bakin 'yan tsiraru, kuma ya fi sauƙi a ce mutum ya ruɗe ko ya yi ƙarya a kan a ce mamaci ya tashi. Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ya wuce magana ya kai ga aiki: wajen 1820 ya sa reza ya yanko koyarwar Yesu daga Bisharu ya manna a wani kundi, ya zubar da mu'ujizai, labarin ya ƙare a bakin kabari da dutse a rufe. Amsar da Kiristoci suka saba bayarwa ita ce, dokar halitta tana faɗin abin da ke faruwa ne idan ba wanda ya sa hannu. In ka saki dutse zai faɗi, in wani ya cafe shi a iska ba a karya dokar ba. Saboda haka gardamar ba a kan mu'ujiza take ba tun asali, a kan ko akwai Mai sa hannun take. Wanda ya yarda Allah ya halicci duniya daga babu, randuna shida ba za su ba shi wahala ba. Wanda bai yarda ba, ko shaidu nawa aka kawo zai nemi wani bayani.

Su kansu Kiristocin bakinsu bai zo ɗaya ba kan ko ana mu'ujiza a yau. John Calvin da da yawa cikin magadansa na Furotesta sun ɗauka cewa baiwar yin mu'ujiza ta zamanin manzanni ce, an ba da ita don tabbatar da saƙo, da saƙon ya kafu sai aka janye ta, ko da yake Allah yana nan yana amsa addu'a. 'Yan Fentikostal, waɗanda farkawarsu ta yi ƙarfi daga taron titin Azusa a Los Angeles a 1906, suka ce sam, babu ayar da ta ce an janye. Agustin ma ya taɓa tunanin zamanin mu'ujiza ya wuce, amma da ya tsufa ya sauya ra'ayi, har ya ce an rubuta kusan saba'in a Hippo cikin shekara biyu.

Cocin Katolika ta yarda ana yi, amma ta kafa shinge mai tsawo. A Lourdes ta ƙasar Faransa, inda wata yarinya mai suna Bernadette ta ce Maryamu uwar Yesu ta bayyana gare ta a 1858, akwai ofishin likitoci tun 1883 da aikinsa shi ne tantance masu cewa sun warke. Sai an tabbatar cutar mai tsanani ce kuma likita ya gano ta tun farko, warkewar ta zo farat ɗaya, ta zama cikakkiya, ta ɗore shekaru, kuma ba magani ne ya kawo ta ba. Mutum fiye da 7,000 sun kai rahoto, waɗanda cocin ta amince da su a matsayin mu'ujiza ba su wuce saba'in da 'yan kai ba. Su likitocin ma ba sa furta kalmar. Iyakarsu su ce ilimin likitanci na yanzu bai iya bayyana wannan ba, sauran magana ta bishop ce.

To, mu koma kan asiri. In Bahaushe ya ce "an yi masa asiri", sihiri yake nufi. In ya ce "asirinsa ya tonu", abin kunya ne ya fito fili. In ya roƙi "rufin asiri", mutunci da wadatar zuci yake nema. A duka ukun, ƙimar asiri tana cikin ɓoyuwarsa, ranar da aka buɗe ya lalace. Shi ya sa wanda ya ji Kirista yana cewa "asirin bangaskiya" zai iya zaton akwai wani ɗaki na ciki da ba a shigar da kowa. Abin dariya shi ne, ita ma kalmar Girkancin, "musteriyon", haka take a farkonta. A Elusis kusa da Atina akwai bautar da ake shiga da rantsuwa, wanda ya fallasa abin da ya gani a ciki yana iya rasa ransa.

Bulus ya ɗauki wannan kalma ya juya ta ciki waje. A bakinsa, asiri shi ne shirin Allah da yake ɓoye tun zamanai, wanda ba mai iya gano shi da wayonsa, amma yanzu an buɗe shi, kuma umarnin shi ne a yi shelarsa ga kowa. A wasiƙarsa ga Afisawa ya faɗi asirin ƙarara: al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, sun zama abokan gado, gaɓoɓin jiki ɗaya. Ga Kolosiyawa ya ce asirin shi ne Almasihu a cikinsu. Salon ya samo asali tun daga littafin Daniyel, inda sarki Nebukadnesar ya yi mafarki ya ce sai masanansa sun faɗa masa mafarkin da fassararsa, suka gaza, Daniyel ya ce akwai Allah a sama mai bayyana asirai. Da wasu ƙungiyoyi suka taso a ƙarni na biyu suna cewa suna da wani ilimin ɓoye da Yesu ya raɗa wa zaɓaɓɓu, ikilisiya ta yi watsi da su. Ireniyas, bishop na Liyon, ya yi musu raddi wajen shekara ta 180 cewa abin da manzanni suka koyar a fili suka koyar. Ai Yesu ma da ake tuhumarsa gaban babban firist cewa ya yi bai faɗi komai a ɓoye ba.

Sai dai buɗewa ba ta nufin an gama ganewa, kuma a nan ma'ana ta biyu ta shigo, wadda ita ce aka fi nufi a yau. Asiri gaskiya ce da aka bayyana, amma hankali ba ya iya kewaye ta. Ba kacici-kacici ba ne, wanda da zarar an faɗi amsarsa ya mutu. Ya fi kama da sanin mutum: mace ta shekara arba'in da mijinta, ta san takunsa daga nesa, ta san abin da shirunsa ke nufi, amma ba za ta ce ta kai ƙarshensa ba. Manyan misalan su ne Triniti, wato Allah ɗaya, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, da kuma zaman Almasihu cikakken Allah kuma cikakken mutum. Nan ne Musulmi da Bayahude suka fi ja da Kirista, shi kuma ya dage cewa Allah ɗaya yake bauta wa ba uku ba. Tarukan bishop-bishop na Nikiya a 325 da Kalsidon a 451 ba su yi da'awar warware yadda abin yake ba. Matsayar Kalsidon kan allahntaka da mutuntakar Almasihu da kalmomin korewa huɗu aka gina ta: ba cakuɗewa, ba sauyawa, ba rabewa, ba warewa. Katanga ce aka yi wa rijiya don kada a faɗa, ba a ce an auna zurfinta ba. Agustin ya taƙaita da cewa in ka gane shi sarai, to ba Allah ba ne.

Dole in faɗi wani abu a nan. Kalmar tana da daɗin fakewa. Malamin da bai yi karatu ba, in yaro ya yi masa tambaya mai wuya, sai ya ce "asiri ne" don a rufe bakin yaron. Wannan lalaci ne aka sa wa rigar tawali'u. Waɗanda suka fi kowa kiran Triniti asiri su ne suka fi kowa cika takardu a kansa. Anselm, babban bishop na Kantabari a Ingila, wanda ya rasu a 1109, ya kira aikin nasa bangaskiya mai neman fahimta. Mutum yana isa ga "asiri ne" bayan ya yi tafiya har ƙafa ta gaji, ba tun daga bakin ƙofa ba.

Akwai ma'ana ta uku, a taƙaice. Cocin Otodoks na Gabas "asirai" take kiran baftisma da Jibin Ubangiji da sauran ibadun da Katolika ke kira sakramenti, kuma a Mas, wato babbar ibadar Katolika, firist yakan yi shelar asirin bangaskiya bayan addu'a a kan gurasa da ƙoƙo. Yadda Almasihu yake a cikin gurasar nan ya raba kan manya. A Marbug ta Jamus a 1529, jagororin Furotesta biyu, Martin Luther da Zwingli, sun daidaita a kan batutuwa goma sha huɗu cikin sha biyar, suka watse a kan wannan. An ce Luther da alli ya rubuta "Wannan jikina ne" a kan tebur, ya ƙi gusawa.

Inda kalmomin biyu suka fi haɗuwa kuwa ba a ɗakin karatu ba ne, a bakin gadon marar lafiya ne. In Allah yana warkarwa, me ya sa wannan ya tashi wancan bai tashi ba? Masu cewa ƙarancin bangaskiya ne sun ɗora wa mai ciwo kaya biyu, kuma Littafin bai goya musu baya ba. Bulus, wanda aka ce ko ƙyallen da ya taɓa jikinsa ana kai wa marasa lafiya su warke, ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa wata ƙaya a jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherina ya ishe ka. Shi ne kuma ya rubuta wa Timoti cewa ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba shi da lafiya, ya wuce zancen a layi ɗaya ba tare da wani bayani ba.

Sura ta 12 ta Ayyukan Manzanni ta ajiye abin gefe da gefe. A farkonta sarki Hirudus ya sa aka kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, aya ɗaya tak. Ya kama Bitrus don ya yi masa haka. Da dare, Bitrus yana barci tsakanin soja biyu, ɗaure da sarƙa biyu, mala'ika ya taɓa shi, sarƙoƙin suka zube, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta. Marubucin bai ce Bitrus ya fi Yakubu bangaskiya ba, bai ce an fi yi masa addu'a ba, bai ce komai ba. Bitrus ya nufi gidan da 'yan'uwa suka taru suna roƙo dominsa, ya ƙwanƙwasa. Wata baranya mai suna Roda ta zo, ta gane muryarsa, murna ta sa ta manta buɗe ƙofa, ta ruga ciki tana cewa ga Bitrus a waje. Mutanen da suka kwana suna addu'a a sake shi suka ce mata ta haukace. Ta nace, suka ce to mala'ikansa ne. Shi kuwa Bitrus yana tsaye a waje cikin duhu, yana ta ƙwanƙwasawa.